Dare Ba Shi Da Rasit

Ni ce Ishbel, mai saƙa a Stromness,
inda teku ke lasar gindin katanga,
rana kuwa a hunturu leƙe kawai take ta koma.
Shagona ba ƙofa, ba kanta,
hoto ne a intanet da farashi a ƙasansa,
sai teburin cin abinci da ulu ya ƙwace mana.

Ƙunshi uku na kai gidan waya ranar Talata.
Torquil ya ɗora a sikeli, ya liƙa kan sarki,
ya ce jirgin ruwa zai tashi in iska ta yarda.
Iska ta yarda. Jirgi ya tashi.
Daga nan ko ƙeyarsu.

Ɗaya na wata Perpetua ce a Bristol,
safar hannu ruwan toka, don uwarta mai sanyin ƙashi.
Ɗaya hular jariri, mai ita bai ma iso duniya ba.
Na ukun rigar sanyi, mako biyar tana kan cinyata,
har mage ta ɗauka gadonta nake gyarawa.

Kowace safiya in buga lambar bibiya,
kowace safiya amsa ɗaya: yana kan hanya.
Wace irin hanya ce wannan
da kaya ke kwana arba'in ba su gaji ba?
Perpetua ta rubuto da ladabi,
ta sake rubutowa, ladabin ya ƙare.
Na mayar wa kowa kuɗinsa cif,
aka saka min da tauraro ɗaya,
shi ma don babu wurin danna rabi.

Sai fom. Shafi huɗu, ƙananan baƙaƙe.
Kawo shaidar aikawa.
Rasit na nan a gwangwanin shayi, tawada ta koɗe,
na ɗaga shi a taga kamar mai neman jinjirin wata.
Kawo shaidar daraja.
Na tura abin da masu saye suka biya.
Suka ce a'a, nawa ke kika kashe?
Wato ulu. Ulun kaɗai.

To, dare ba shi da rasit.
Ciwon wuya ba shi da lamba.
Layi sha biyu da na warware
saboda ido guda ya kuɓuce a hannun riga,
babu gurbinsu a shafi na uku.

Ki jira kwana talatin. Na jira.
An ce mai haƙuri yakan dafa dutse,
ni nawa dutsen ma a gidan waya ya ɓata.

Wasiƙarsu ta zo, ita kam ta san hanya.
Muna ba da haƙuri. Cak na fam sha tara da 'yan canji,
hular kuma an biya ta da kan sarki shida.
Wanda ya zubar miki da nono
ya miƙo ƙwarya, wai je ki sake tatsa.

Na tafi da faɗa cike da baki.
Torquil ya sunkuyar da kai, ya ce ba daga nan ba ne.
Na sani. Na ga yatsunsa duk sun tsage da sanyi,
faɗan ya narke, na sayi ambulan na fito.

A watan Yuni, rana ta ƙi faɗuwa,
sai ga hular ta dawo, an danne ta, an jiƙa,
da tambari: ba a sami mai shi ba.
Mai shi na can, kansa ya wuce ta tuni.
Na wanke, na sa wa tukunyar shayi.
Ta yi mata daidai.

Gobe Talata. Ƙunshi biyar na bakin ƙofa,
na ɗauki hoton kowanne ciki da baya.
A saman jaka akwai safar hannu ɗaya ba adireshi,
wannan hannu da hannu zan ba Torquil.