Zaren da Babu Sunansa a Jeri

Ƙarfe shida ta gota a Izmir.
Jirgin ruwan Karşıyaka ya yi kuka, ya bar gaɓa ban da ni.
Ina nan, ni Nurhayat, da shayin da ya huce
da hasken kwamfuta a ido.

Firji muke sayar wa masu kifi.
Aikina ɗaura zare:
wannan shago reshen wancan ne,
wannan rasit ɗan waccan oda,
wannan lamba ta matar da ke sa hannu
in maigida ya shiga teku.
An ce zumunta a ƙafa take.
A nan a yatsa take, latsawa ɗaya kibiya ta fito.

Yau manhaja ta ɗaga jar tuta:
Ergüder biyu, wai maimaici ne, a haɗe su.
Ɗaya a Foça, ɗaya a Urla,
tsohon adireshinsu guda, shagon Hulusi,
wanda ƙasa ta rufe shekara uku ke nan
amma sunansa na riƙe da rasit goma sha huɗu.
In na goge shi su zama marayu.
Na ƙyale tsoho da nauyinsa.

Na san 'ya'yan.
Oktay ya ɗauki mota,
Tayfun ya ɗauki babban firji har da bashinsa,
tun sadakar arba'in ba wanda ya kira wani.
In na haɗe su, takardar bashin ƙane
a akwatin yayansa za ta kwana ran Litinin.

Na buɗe jerin dangantaka:
uwar kamfani, reshe, dillali, abokin gasa.
Na gangara har ƙasa.
Babu gurbin "ciki ɗaya, ba sa ga-maciji."

Sai na tuna watan jiya.
Injin Tayfun ya mutu rana tsaka,
kifi na shirin wari,
wani ya biya kuɗin gyara daga Foça
ya ce kada a rubuta suna.
Ban rubuta ba.
Lambar asusun ce ba ta iya rufa asiri.

Na ja zare tsakaninsu, siriri,
na zaɓi "wani abu dabam",
filin bayani na bar shi fari.

Gobe Sevinç za ta tsaya a kaina da tabarau a goshi:
"Wannan kibiyar ta mece ce?"
Zan lalubo amsa a jirgin bakwai da kwata,
in na samu wurin zama.