Bokitin Baya

Tsawonta bai wuce ɗan yatsana ba,
tankar nan da ke zaune kan teburin gyaran agogo
a shagona na Tudun Wada, jikin mai tsire.
Wata bakwai ke nan ina lallaɓa ta
tsakanin agogon da ya tsaya da wanda ke gudun banza.

Gwangwanin madara na yanka, na daddale,
ya zama sulke.
Bakin bindiga allurar sirinji ce
da Ladingo ta zo min da ita daga Shika,
na dakushe tsininta da magagari.
Eriya kuwa gashin buroshi ne, sili ɗaya.
Sau huɗu yana faɗuwa ƙasa,
sau huɗu ina rarrafe da tocila a baki
yaran layi na leƙe suna dariya.

Sarƙar ƙafafu ta cinye min damina guda.
Haƙoran zik ɗin tsohon wando na ɓamɓare
na jera su bi da bi.
Kusoshi ɗigon gam ne a bakin tsinken sakace,
kowanne bai kai ƙwayar gero ba.
Wannan aiki ba ya son numfashi:
ka ja iska, ka riƙe, ka ɗiga,
in ka saki da wuri ƙofar direba ta tashi sama
sai gobe in Allah Ya kai mu.

Na gama, ko na ce na gama.
Na gwada ta da hotuna uku da nake da su,
babu abin da ido zai ce ya rasa.

Ran Asabar sai ga Baba Jatau
da agogonsa mai ciwon shekara ashirin.
Ta ƙofar Depo ya shiga soja yana saurayi,
ya fito da yana a ido da kunne ɗaya.
Na ɗora masa ita a tafin hannu.
Babban yatsansa ya hau kanta a hankali,
ya bi bindiga, ya sauka sarƙa,
ya zaga baya.
Ya tsaya.

Ya ce, ina bokitin?

Na ce wane bokiti, Baba, hoto bai nuna ba.
Ya ce mai hoto gaba yake tsayawa.
A baya muke rataye shi, yana ƙara duk hanya.
Ciki muke wanka, ciki muke jiƙa gari,
ciki muke wanke kaki in an samu rafi.
Da shi na ɗebo wa Iliya ruwa ranar da...
Sai ya tambaye ni nawa ne batir yanzu.

Daren nan aka ɗauke wuta, ban tashi ba.
Na zazzage gwangwanin matattun agogo,
na tsinci ɗan murɗin wani, mai rami a ciki,
na goge zanensa har ya yi sumul.
Mariƙi daga wayar tsohuwar rediyo,
siririya har hantsaki na ƙin kama ta.
Kiran assalatu ya same ni ina lanƙwasa ƙugiya.

Da ya dawo karɓar agogonsa
yatsan bai bi ta bindiga ba,
kai tsaye ya wuce baya.
Bokitin ya yi lilo.
Ya ce ya cika sabo, namu a lotse yake,
Iliya ya taɓa zama a kai.

Na ɗauki hantsaki.
Kwana na yi ina gyara abin nan,
hannuna ya ƙi.
Na rufe ido na matsa gefe ɗaya.

Ya sake shafawa, ya daɗe.
Mai tsire na ta fifita wuta a waje,
agoguna goma sha ɗaya kowa da lokacinsa.
Ya ce, yawwa.
Ya tafi ya manta agogon a kan tebur.