Maɓallin da Ke Ƙasan Allo

Ɗan kwatano ne laftof ɗin.
Yaya Ilu ya aiko shi daga Kano a kwalin taliya,
direban Shuwarin ya miƙo min ta taga.
Allonsa bai kai faifan Inna ba,
faifan ma tsohon, wanda bakinsa ya zaizaye.

Da na buɗe manhajar haɗa bidiyo
sai ka ce an sauke kayan gidan sama
a ƙofar akurki.
Taga ta hau taga,
rubutu ya taka wuyan rubutu,
kunyoyin da zan jera hotuna a kansu
biyu kawai suka leƙo,
sauran sun nutse.

Abin da na ɗauka ba shi da yawa:
Baba Barau ne, zaune a bakin rijiyar Unguwar Rimi,
ta goma sha tara a cikin waɗanda ya haƙa,
yana lissafa ƙasa da yatsu,
jan gargari, yashi, marmara mai cin bakin diga,
sai laka mai sanyi,
sai ruwa.

Mutumin da ya shiga gaba goma sha biyu cikin ƙasa,
ga shi nan a lungun allo
bai fi ƙwandala ba.
In na ja shi ya girma,
fuskarsa ta farfashe gida-gida kamar ramukan dara,
gemunsa ya koma hazo.

Sai na fara korar baƙi.
Tagar launi, tafi.
Ma'aunin sauti mai tsalle kore da ja, je ka huta.
Na matse rubutu har ya zama riɗi,
ina karanta shi da hanci a jikin gilashi.
Inna ta wuce da ƙwarya, ta ce,
in ɗaki ya yi kaɗan, rataya ake yi.
Na ɓoye sandar ƙasa,
na sami faɗin yatsa ɗaya,
na yi murna kamar an ƙara min gona.

Batirin minti arba'in yake yi, in ya ga dama.
Sau uku na je shagon Sale mai sola,
yana karɓar ɗari biyu yana tambaya,
fim ɗin nan da faɗa a ciki?

Daren Laraba na gama yanka.
Na cire tarin Baba, na cire jakin da ya yi kuka,
na bar inda ya yi shiru yana kallon igiya.
Saura fitarwa.
Tagar ƙarshe ta buɗe, doguwa,
ƙafafunta sun zarce gindin allo,
maɓallin amincewa yana can ƙasa
inda kibiya ba ta kai.
Na ja ta sama, kanta ya bugi rufi.
Batir ya yi ja.

Baba ya tsaya a kaina da buta.
Na ce, yana nan, ganinsa ne ba na yi.
Ya yi dariya har buta ta zuba.
Ya ce, ni wace rana na ga ruwa kafin in haƙa?
Ƙirga gaba ake yi.

Na ƙirga da maɓallin tsallake,
ɗaya, biyu, har tara,
haske ya sauka ya ɓace a ƙasa.
Na danna.
Taga ta rufe, ba komai. Sokewa na taɓa.

Na sake. Goma.
Kamar guga a duhu,
igiya ta yi nauyi a hannuna.
Wani koren zare ya fara rarrafe
daga hagu.

Da safe muka kalla a zaure, mu bakwai, kai da kai.
Baba bai ce uffan ba har ya ƙare.
Sannan ya nuna allo da haɓa:
hular fa?
Ka yanke min rabin hula.