Ƙaryar Ranar Talata

A Puno, inda tabki ke dab da sama,
sanyi kan riga yara shiga aji.
Wata Talata na ɗauki alli na rubuta:
"Dankali ba ya nutsewa a ruwa."

Kawuna talatin da biyu suka sunkuya,
biro na ƙaraf-ƙaraf kamar ɓera a buhu.
Kowa ya kwafe.
Nélida har da jan layi a ƙarƙashi.
'Ya'yan manoman dankali ne fa,
hannuwansu sun tsage wajen wanke shi.

Na yi shiru. Alli ya yi mini nauyi.

Can baya, Fermín ya ɗaga hannu rabi,
kamar mai tsoron a karɓe masa shi.
"Malama Teófila, na gidanmu dai nutsewa yake."
Aji ya fashe da dariya.
Na ce, "To wa ya yi ƙarya, allo ko bokitinku?"
Ya dubi allo, ya dube ni,
ya dubi takalminsa.

Muka aro bokiti a wurin mai gadi.
Dankali ya faɗa, tsulum, ya kwanta a ƙasa,
ko gardama bai yi ba.
Gani ya kori ji, ya kori alli.

Ina shirin rufe darasi
sai Nélida, kunya ta cika mata ido:
"Wanda kakata ke shanyawa a sanyin dare fa,
har ya bushe ya zama kamar tsakuwa?"
Ban sani ba. Na ce mata ban sani ba.
Ta zaro ɗaya daga aljihu ta jefa.
Ya tsaya a sama yana lilo,
yana kallonmu.

Tun ranar, kowace Talata
nakan ɓoye ƙarya ɗaya cikin darasi.
Suna farautarta kamar kifi:
"Wa ya ce?" "Ya gani da idonsa?"
"Me zai ci in mun yarda?"
Uwar Wilber ta zo ƙara,
wai yanzu ko rediyo ba a bari ya gama magana.

Jiya Fermín ya miƙe hannu har sama.
"Malama, lissafin nan bai fita ba.
Mun kama ta!"
Na duba. Da gaskiyarsa.
Sai dai jiya Alhamis ce,
kuma ban shirya ta ba.

Na ɗauki tsumma na goge.