Kwalba ta Goma Sha Ɗaya

Ruwan Yuli na dukan tagar ɗakin gwaji,
hayaƙin itace ya rufe Temuco tun asuba.
Kwalba ta goma sha ɗaya: Fresia Antilef, shekara hamsin da takwas,
maɗaciyarta kwance a ruwan magani
kamar jakar kuɗin da aka zazzage.

Na tsaga ta. Tsakuwa uku,
sai tsiro guda a bango, bai kai ƙwayar wake ba,
yana lilo a siririn wuya.
Yawancin irinsa kitse ne, rawaya, ba ruwansu da kowa.
Wannan ja ne.

Matías ya binne shi a kaki,
ya fere shi har ya fi ɓawon albasa kauri kaɗan,
ya rina da shunayya da ruwan hoda,
ya ajiye min gilashin kusa da shayin da ya huce.

A ƙarƙashin madubi
ƙwayoyin sun manta gidan ubansu.
Waɗannan sun yi shigar 'yan tumbi,
waɗancan sun kumbura da yauƙi irin na hanji,
baƙi a unguwar ɗaci.
Shekaru ɗaci na gasa su, tsakuwa na gugarsu,
suka sauya kama don su rayu.
Ban ga laifinsu ba.

Amma can a lungu, wasu 'yan kaɗan
cibiyarsu ta yi duhu, ta miƙe,
suna hawa kan juna kamar fasinjojin motar ƙarshe.
Ruwa ba ya tsami banza.
Na ce, Matías, ƙara yanka, shiga ciki.
Ya dubi agogo, bai tanka ba.

Mahaifiyata daga Cholchol aka kawo ta,
ido rawaya, an makara.
Ba na wannan zancen a wurin aiki.

Gilashi shida. Na bi iyakar tsiron
kamar mai duba shinge bayan ambaliya.
Ba inda suka keta.
Wuyan tsaf, bangon tsaf.
Kama da wane ba wane ba ne.

Na rubuta: ba daji ba ne, sauyi kaɗan, an cire duka.
Layi biyu. Na sa hannu, Llanquileo,
sannan na ji kafaɗuna sun sauko.

Ba za ta taɓa sanina ba.
Wataƙila wata Asabar in tsaya gaban buhun dankalinta a kasuwa,
in taya,
ta ƙi rage min ko sisi.