Ɗanɗanon Ƙasa

Baba Ilu, kafin ya shuka komai,
sai ya dangwali ƙasa ya kai harshe.
Ya ce mai lafiya, ɗanɗanonta
kamar ruwan sabuwar randa ne.
Ni na gaji lambun, ban gaji harshen ba.

Nan bayan Kwakwaci, inda Jakara
ke jan ƙafa cikin ciyawa,
rijiyarsa ta ƙafe tun ina saurayi.
Yanzu inji ke tari da asuba,
tiyo na amayo ruwan gari cikin fangali:
wankin Fagge, wanke-wanken Sabon Gari,
da abin da majema suka gama da shi.
Sun ce an tace. Wataƙila an tace.
Kumfa dai ba ta ji labari ba.

Shekarun farko, wallahi, sai godiya.
Latas kamar faifai, alayyafo har gwiwa,
ban sayi taki ko tiya ɗaya ba.
A 'Yankaba dillalai na kiran sunana
tun ban sauke buhu ba.

Bana fartanya ƙara take yi
kamar ta sari daɓe.
Bakin fangali ya yi fari fat
sai ka ce an barbaɗa kanwa.
Na yi tono kamu biyu ina neman tana,
ko ɗaya. Sun tashi ba sallama.
Ruwa ya kwana a sama ya kasa shiga,
baƙon da aka rufe wa ƙofa.

Wata Malama Asabe ta zo daga jami'a
da safar hannu da 'yan kwalabe,
ta ɗebi ƙasata a leda, ta rubuta lamba.
Ta ambaci gishiri, ta ambaci dalma,
ta ce a hutar da wurin, a zuba takin shanu,
a riƙa surkawa da ruwan daɗi.
Na ce, Malama, ruwan daɗin yana ina?
Ta dubi takalminta.

Da la'asar autana Sabi'u ya tuge karas,
ya goge a riga, zai kai baki.
Na riƙe hannunsa. Na rasa abin faɗa,
tunda gobe shi zan kai wa 'ya'yan wasu.

Da ya tafi na tsuguna,
na dangwali ƙasar yadda Baba ke yi.
Ɗaci, da wani abu kamar tsatsar ƙusa.
Na tofar, na share baki da hula.
Sannan na miƙe na ja igiyar inji,
don latas ba ya jiran sakamako.