Rabin Kilo na Dare

A Ol Kalou sanyi ke tada mutum, ba zakara ba.
Gajimare kan sauko daga dutse ya kwana cikin garke,
shanu huɗu na fitar da tururi ta hanci
kamar tukwanen da aka ɗora tun asuba.

Shekara arba'in babana Githinji yana auna dusa da hannu.
Tafinsa ne mudu, idonsa ne sikeli,
wadda ta fi kuka ita ke samun ƙari.
Ƙarshen wata kuwa, in mai shago ya buɗe littafi,
sai kuɗin madara ya bi ta ƙofar baya,
ko sallama bai yi mana ba.

Na dawo daga Nakuru da waya mai tsagaggen gilashi
da sikelin rataye na shilin ɗari takwas.
Na zagaye ƙirjin kowace saniya da igiyar awo,
na shigar da nauyinta, da litar da take bayarwa,
da watan da ta haihu,
da farashin dusar alkama, ƙulin angurya, gishirin lasa,
da ciyawar da muke yanka a bakin rafi.
Wayar ta ɗan yi shiru kamar mai tauna magana,
sannan ta ce:
Nyameni na ba da lita sha shida, kuna ba ta abincin mai tara.
Kanini ta ƙafe tun watan jiya, kuna ciyar da ita kamar mai jego.

Baba ya ce, "Nyaguthii, wannan abin ya taɓa tatsa?
Ya san warin saniya in zazzaɓi zai kama ta?"
Na ce bai sani ba. Amma ya iya lissafi,
mu kuma lissafin ne ya daɗe yana cin mu.

Sati uku.
Bokitin Nyameni ya fara jan kafaɗa,
buhun da ke ƙarewa Talata ya ga Asabar.
A wurin tara madara, Wachira mai awo ya dube ni,
ya tsoma magwajinsa yana neman ruwa. Bai samu ba.
Saƙon kuɗi ya shigo da yamma, muka sallami mai shago,
canjin ya sayi kwanon rufi biyu,
yoyon da ke jiƙa mana dusa ya yi shiru.

Sai dai lissafi ya ƙi rufuwa.
Kullum rabin kilo na ɓacewa daga buhu.
Na zargi ɓera, na ɗana tarko.
Na zargi sikeli, na gwada shi da sukari.
Wani dare na fito da fitila,
sai ga Baba tsugune gaban tsohuwa Mbura,
wadda wayar ta ce a rage wa, nononta ya ja baya.
Tana lasar tafinsa.
Bai ɗago ba. "Madarar wannan ce ta kai ki Nakuru.
Shekara tara. Je ki gaya wa wayarki."

Na koma ɗaki, yatsuna sun sandare,
na buɗe sabon layi ƙarƙashin gishiri,
na rubuta: Hannun Baba, rabin kilo, kowane dare.
Wayar ba ta yi musu ba. Ta haɗa, ta ɗebe,
ribar ta ɗan rage tsawo, amma tana nan tsaye.

A waje Mbura na tuƙa a hankali,
Baba na ɗaure bakin buhu
da irin ƙullin da yake zaton ban gane ba.